Bashin Taga

Hadarin farko ya faɗo wa Sakkwato da dare,
Ya yaye kwanon aji huɗu na makaranta.

Da safe yara sun tarar da sama bisa kansu,
Rajista ta jiƙe, ba sunan da za a karanta.

Hedimasta ya kai takarda ofis har sau uku,
Anka ce a jira kasafi, sai baɗi a duba ta.

Sai Inno mai fura, mai jikoki biyar a ciki,
Ta yafa gyale, gida gida tana kiran mata.

Can kuma Luba, nas ce yanzu a asibitin gari,
Ta tono lambobin 'yan ajinmu da munka manta.

Ran Asabar munka haɗu ƙarƙashin dogon yaro,
Inuwar da ta san kukanmu tun zamanin yarinta.

Furfura na gaida furfura da sunan tsokana,
Alhaji da tumbinsa, sai Ɗan-tsako ake ambata.

Taro bai yi daɗi ba da fari, in faɗi gaskiya,
Iyaye sunka ce mun ci moriyar ganga mun yada kwaurenta.

Mu ko munka ce: shekara nawa tana yoyo,
Kuna wucewa kasuwa ba mai leƙa ta?

Inno ta kwance bakin zane, ta aje dubu biyu,
Duk canji ne mai ƙanshin nono, ta ce: “A lissafta.

In kun gama shari'a ku ɗaga kai ku dubi gabas,
Ruwa ba ya jiran alƙali ya yanke ta.”

Kunya ta buɗe aljihu. Cika mai albasa
Ya ce bandir biyu na kwano daga gare shi kyauta.

Arzika, wanda kullum shi ke riƙe wutsiyar aji,
Yau shi ke da shagon walda, ƙofofi zai gyarta.

Wani ba shi da ko sisi, ya ce yana da jaki,
Yashi daga gulbin Rima zai kawo har ya wadata.

Wani daga Legas ya turo alkawari mai nauyi,
Har yau muna jiran ƙarar waya ta gaskata.

Luba ta riƙe littafi, Inno ta riƙe jaka,
Kowace naira sai an faɗi inda anka kashe ta.

Ni ko idona na kan tagar nan ta kusurwa,
Toshe da kwali, rana ta cinye fentinta.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, wata Laraba,
Na harbi ƙadangare da danƙo, dutse ya fasa ta.

Anka jera mu, anka tambaya, na yi gum,
Arzika ya sha bulala kan abin da ni na aikata.

Na miƙe cikin taro, murya na rawa, na faɗa,
Na ce tagar nan bashina ce, ni zan biya ta.

Arzika ya ce: “Ai na gan ka, Tukur, ina bayanka,
Na san halin babanka, shi ya sa na shanye ta.”

Malam Boyi da ya yi dukan, tsoho bisa kujerar roba,
Ya cire tabarau yana gogewa, magana ta ƙi fita.

Mako uku ana buga ƙusa, mata na kawo kunu,
Yara na miƙa katako, ba mai son ya huta.

Ran da ruwa ya dawo na tsaya bakin baranda,
Kwano na ta kiɗi, ƙasa ko ɗigo bai taɓa ta.

Bayan gida na nan a rushe, rijiya na son yasa,
Inno ta sake sa taro, ta ce kowa ya halarta.

Wata yarinya ta hura tururin baki ga sabon gilashi,
Ta sa ɗan yatsa tana rubuta sunanta.